Gasket ɗin Manifol: Gane Lalacewarsa da Sauya Shi a Gida

Manifol ɗin iska shi ne bututun nan mai rassa da ke ɗaure a jikin tof silinda, wanda ke karɓar iskar da ta ratso filta ya rarraba ta ga silindodi. Inji mai silinda huɗu yana da reshe huɗu, mai shida yana da shida. A tsofaffin motoci masu kafireto irin su Fijo 504, gaurayen iska da fetur ne ke bi ta cikinsa. A motocin yanzu masu nozul kuwa iska ce zalla ke wucewa, sai ta isa bakin bawul sannan a fesa mata mai. A da, da ƙarfen zubi ko alminiyam ake ƙera shi, amma tun daga shekarun 1990 kamfanoni da yawa suka koma yin sa da roba mai tauri, domin ta fi arha, ba ta da nauyi, kuma ba ta saurin ɗaukar zafi.

Tsakanin fuskar manifol da ta tof silinda ake shimfiɗa gasket. Duk yadda fuskokin biyu suka yi sumul a ido, idan aka haɗa su sai an sami 'yan ƙananan kafofi a tsakani, aikin gasket kuma shi ne toshe su. Wani da takarda ta musamman ake yin sa, wani da siririn ƙarfe mai rufin roba, wani kuma zoben roba ne da ke zama cikin kwarmin da aka yanka a jikin manifol. Ɗan ƙaramin abu ne, amma yana shan wuya. Idan inji yana silo, ƙofar totur kusan a rufe take, fistin kuma yana ta zuƙa, sai matsin da ke cikin manifol ya faɗi ƙasa da rabin na waje, iskar waje kuwa duk inda ta sami kafa sai ta kutsa. Ga kuma zafi. Inji yana aiki ne a wajen digiri 90 na ma'aunin Salsiyas, ya huce da dare, ya sake ɗaukar zafi da safe. Ƙarfe da alminiyam da roba kowanne da yadda yake buɗewa idan ya ji zafi, alminiyam ma yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfen zubi. Wannan ɗan motsi na kullum, shekara da shekaru, shi ke murje gasket har robarsa ta bushe, ta lafe, ta daina cika gurbinta.

A injunan da silindodinsu ke jere a layi ɗaya, galibi iska kaɗai gasket ɗin ke tsarewa. A injuna masu siffar V, musamman na tsohon tsarin Amurka, manifol yana zaune ne a kwarin da ke tsakanin tof silinda biyu, ruwan lagireto yana ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, a ƙarƙashinsa kuma baƙin mai ne ke fantsama. A nan gasket ɗaya ke raba iska da ruwa da mai, kuma lalacewarsa na iya kashe inji ɗungurungum. Wannan bambanci ne ya kamata mai mota ya fara sani game da injinsa kafin ya ɗauki sufana, domin shi ke nuna ko aikin na awa biyu ne ko na yini guda.

Ban da tsufa, akwai abubuwan da ke gaggauta mutuwar gasket. Obahitin yana gasa roba ya kuma karkatar da fuskar manifol. Zuba ruwan famfo ko na rijiya zalla a lagireto, maimakon kulant, yana kawo tsatsa da zaizaya a bakin kafofin ruwa, daidai inda gasket ke buƙatar fuska mai lafiya. Sai kuma aikin hannu: mayar da tsohon gasket bayan an kwance manifol don wani gyara, ko ɗaure notuna da ƙarfin damtse ba tare da awo ba.

Mafi yawan lokaci iska ce ke fara shiga. Fetur yana ƙonewa sarai ne idan kowane giram ɗaya nasa ya sami kimanin giram 14.7 na iska, ƙwaƙwalwar mota kuma tana lissafin man da za ta fesa ne bisa abin da sensar iska, wadda ke bayan filta, ta auna. Iskar da ta shigo ta ɓarakar gasket ba ta bi ta kan sensa ba, saboda haka babu ita a lissafi, sai mai ya yi kaɗan. Sensar da ke jikin salansa tana ganin ragowar oksijin a hayaƙi ta sanar da ƙwaƙwalwa, ita kuma ta riƙa ƙara mai don cike giɓin. Tana iya rufa wa matsalar asiri na tsawon watanni ba tare da direba ya lura ba. Idan ƙarin ya wuce iyaka sai fitilar cek injin ta kama, na'urar binciken mota kuma ta nuna lamba P0171, ko P0174 idan ɓangare na biyu ne na inji mai V.

Abin da direba ke ji shi ne silo ya daina tsayawa wuri ɗaya, yana hawa yana sauka, mota tana jijjiga a tsaye, wani lokaci ta mutu a danja ko a cikin cunkoso. Takan shaƙe idan aka taka totur daga tsaye, sannan ta ware. A wasu injunan da ke auna matsin cikin manifol maimakon yawan iska, silo yakan yi sama ne ya ƙi saukowa. Idan aka buɗe bonet aka kasa kunne, sau da yawa ana jin ƙarar tsotson iska. Alamar da ta fi nuna gasket kai tsaye ita ce matsalar ta tsananta da sanyin safiya, musamman lokacin hunturu, sannan ta lafa idan inji ya ɗumama. Busasshiyar roba tana takurewa cikin sanyi ta bar kafa, zafi kuma ya buɗa ta ta sake toshewa.

Yoyon ruwa ya fi haɗari. Idan waje yake fita, ana ganin sawun kulant da ya bushe a kusurwar manifol, ko a ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi bayan tafiya, ruwan lagireto kuma yana raguwa kullum. Idan ciki yake zuba, babu abin da za a gani a ƙasa. Ruwan yana gangarawa cikin baƙin mai, man ya sauya launi ya koma kamar shayi mai madara, a gan shi a jikin ƙarfen awon mai ko a ƙarƙashin murfin da ake zuba mai. Man da ya gauraya da kulant ba ya kare metal, kuma motar da aka ci gaba da hawa a haka injinta bugawa zai yi. Idan kuma ruwan ya taru a cikin silinda da dare, fistin ba ya iya matse shi da safe, hannunsa na iya lanƙwashewa a bugun farko.

Injuna biyu sun yi suna da wannan ciwo, kuma sun isa misali ga nau'o'in aikin biyu. Na farko shi ne 1ZZ-FE na Toyota, mai lita 1.8, wanda ke cikin Corolla da Matrix na 2003 zuwa 2008, da kuma Pontiac Vibe da aka ƙera a masana'antar haɗin gwiwar Toyota da General Motors a Fremont ta jihar Kalifoniya. Waɗannan motoci sun cika titunan Nijeriya, an shigo da su na hannu. Manifol ɗinsu na roba ne, gasket ɗin kuma baƙin zoben roba ne da ke lafewa da tsufa. A 2007 Toyota ta aika wa garejinta sanarwa game da lambar P0171 da ke fitowa lokacin tsananin sanyi, ta kuma fito da sabon gasket mai ruwan lemo wanda ya fi jure sanyi da zafi. A wannan inji manifol yana gaba ne, yana fuskantar lagireto, ruwa ba ya bi ta gasket ɗin, nozul kuma a jikin tof silinda suke, ba sai an taɓa su ba. Aiki ne da mai mota mai natsuwa zai iya yi a ƙofar gidansa.

Na biyu shi ne V6 na General Motors mai lita 3.1 da 3.4, wanda ke cikin Chevrolet Venture, Impala da Malibu, da Pontiac Montana da Buick Century na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon na 2000. Gasket ɗin manifol na ƙasa a wannan inji firam ne na roba mai tauri da aka zagaye kafofinsa da silikon, kuma yakan tsage ya saki ruwa waje ko cikin mai. Masu motoci da yawa a Amurka sun kai ƙara, suna zargin kulant ɗin kamfanin mai suna Dex-Cool, wanda aka fara zubawa a tsakiyar shekarun 1990, da cinye gasket ɗin. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2008 ya yarda da sulhu, inda aka biya masu ƙara tsakanin dala 50 zuwa 800 gwargwadon shekarun motar da irin gyaran da aka yi. Kamfanonin kayan gyara irin su Fel-Pro kuma sun fito da gasket mai firam na ƙarfe. Sauya shi aiki ne babba, ba na mai koyo ba.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, dole a tabbatar gasket ɗin ne. A nan ake yawan asarar kuɗi, domin alamomin da aka zayyana ba nasa ne shi kaɗai ba. Tsagaggen tiyon iska tsakanin filta da totur, ƙaramin tiyon da ya zame, bawul ɗin PCV da ya maƙale a buɗe, babban tiyon da ke zuwa bustar birki, sensar iska da ƙura ta rufe, famfon mai da ya yi rauni, duk suna iya kawo P0171. Ruwa a cikin mai kuma na iya zama daga gasket ɗin tof silinda, wanda gyaransa daban ne. Abin takaici ne a ga an sauya fulogi, an wanke nozul, an sayi famfon mai, motar tana nan yadda take, alhali binciken minti goma sha biyar zai nuna inda ɓarakar take.

Hanya mafi tsafta ita ce ta na'urar bincike. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 duk suna da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, ƙaramar na'urar da ke haɗa shi da wayar hannu kuma ba ta da tsada. Abin dubawa shi ne yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa a kan lissafinta. Idan a silo ƙarin ya haura kashi 10 cikin ɗari, amma da aka ɗaga inji zuwa juyi 2,500 a minti ya sauko kusa da sifili, to iska ce ke shiga ta ɓaraka, domin a babban juyi iskar ɓarakar ba ta taka kara ta karya ba idan aka gwada ta da wadda ke bi ta totur. Idan kuwa ƙarin yana ƙaruwa ne da ɗaga inji, sai a koma wajen famfon mai, filtarsa, ko sensar iska.

Gano daidai wurin kuma ana yin sa ne da feshi. Ana tayar da inji yana sanyi, a fesa ruwa kaɗan-kaɗan a layin da manifol ya haɗu da tof silinda. Inda sautin inji ya sauya, nan ne. Makanikai da yawa suna amfani da feshin wanke kafireto, kuma yana nunawa sosai, sai dai yana kama wuta, ba a yin sa a kan inji mai zafi ko kusa da wayar fulogi mai tartsatsi. Garejin da ke da injin hayaƙi yana hura hayaƙi cikin manifol inji yana kashe, a ga inda yake fitowa. Don yoyon ruwa kuwa, ana ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto a hura zuwa matsin da aka rubuta a murfinsa, galibi wajen 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin bar, a zuba ido ko allurar za ta sauka, a bi kusurwoyin manifol da tocila. Idan ruwan lagireto yana kumfa inji yana aiki, ko tiyo yana ƙanƙarewa da iska jim kaɗan bayan tayarwa, zargi ya koma kan gasket ɗin tof silinda.

Kayan aikin ba su da yawa: saitin soket da sandunan ƙarin tsawo, sukundireba, filaya, makankarar roba, tsummoki masu tsafta, tocila, ɗan maganaɗisu mai sanda don ɗauko abin da ya faɗi, salatif da alƙalami don yin alama, da tukunyar kashe gobara a kusa. Abu ɗaya da ba a yin aikin sai da shi shi ne sufanar auna ɗauri, kuma ƙarama, mai iya auna daga 5 zuwa 30 Nm ko sama kaɗan. Wanda ba shi da ita ya ara. Haka nan a nemi littafin gyara na wannan inji takamaimai, domin adadin ɗauri da jerin ɗaurewa sun bambanta daga inji zuwa inji.

Wajen sayen gasket, lambar inji ce abin tafiya da ita kasuwa, ba sunan mota kaɗai ba, tun da mota ɗaya na iya zuwa da injuna daban-daban. A kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Fanteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, ana samun na asali da na kwaikwayo a shago ɗaya. Na kirki robarsa tana da laushi, tana komawa yadda take idan aka matsa, gefunanta a yanke suke tsaf. Gasket ɗin da aka ciro daga tsohon inji ba abin saye ba ne ko da kyauta ne, domin ya riga ya lafe. A haɗa da gasket ɗin totur, idan injin mai V ne kuma a haɗa da na manifol ɗin sama, zobban robar nozul, kulant, baƙin mai da filtarsa.

Ana fara aiki ne inji ya huce sarai, a wurin da iska ba ta kwaso ƙura. Idan aikin zai taɓa layin fetur, sai a sauke matsinsa tukuna, domin a motoci masu nozul man yana zaune ne da matsin wajen bar 3 ko fiye ko da an kashe inji. Ana cire fis ko rilen famfon mai, a tayar da mota a bar ta ta mutu da kanta. Daga nan a cire kan batir na nagetif. Idan ruwa yana bi ta manifol, a juye kulant a mazubi mai murfi. Sinadarin etilin gilaikol da ke cikinsa guba ne mai lalata ƙoda, ga shi da zaƙi, don haka ba a barin sa a buɗe inda yara ko dabbobi za su kai gare shi.

Kafin a zare komai, a ɗauki hotuna da waya ta kowace kusurwa, a manna wa kowane tiyo da soket alama. Sannan a share ƙura da yashin da suka taru a kewayen manifol, da iskar kwamfuresa ko burushi, domin da zarar an ɗaga shi duk abin da ke wurin cikin inji zai faɗa. A cire tiyon iska, soket-soket, ƙananan tiyo da ƙarafan da ke tallafe da manifol daga ƙasa. Soket ɗin tsohuwar mota ya sha zafi, ƙugiyarsa tana karyewa da ɗan ƙarfi, sai a danna ta a hankali, kuma ba a jan waya. A Corolla ana iya kwance totur a ajiye shi gefe da tiyon ruwansa a jiki, ba sai an zubar da kulant ba. Notunan manifol ana sassauta su ne daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, a jera su a jikin kwali yadda suke a inji, domin tsawonsu ba lallai ya zama ɗaya ba. Idan manifol ya ƙi ɗagowa, kusan kullum akwai wani noti ko ƙarfen tallafi da aka manta. Cusa sukundireba tsakanin fuskokin a ɓanɓare yana barin rauni a alminiyam wanda sabon gasket ba zai iya toshewa ba.

Da zarar manifol ya fita, abu na farko shi ne toshe kowace kafa ta tof silinda da tsumma mai tsafta, a kuma ƙirga tsummokin. Washa ɗaya da ta faɗa ciki ba a sani ba ta isa ta lanƙwasa bawul ko ta fasa kan fistin a tayarwar farko. A inji mai V a shimfiɗa babban tsumma a kwarin tsakiya don kada datti ya sauka cikin mai.

A V6 na General Motors akwai ƙarin mataki, domin sandunan da ke tura bawul sun ratsa ta cikin gasket ɗin. Dole a cire murfin bawul, a sassauta roka, a zare sandunan. Tsawonsu ba ɗaya ba ne: na shigar iska kimanin milimita 144 ne, na fitar hayaƙi kimanin 152. Idan aka musanya su, bawul zai iya karo da fistin. Kowace sanda a soke ta a kwali a gurbinta, ta koma inda ta fito.

Goge fuskoki shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ya kamata a kashe mafi yawan lokaci. Duk ɓurɓushin tsohon gasket da gam sai ya fita, da makankarar roba da feshin wanki da tsumma, ana kankarowa zuwa waje ba zuwa cikin kafa ba. Reza tana aiki a kan ƙarfen zubi idan aka kwantar da ita, amma a kan alminiyam tana yanka. Samfefa da faifan gurza da ake ɗaurawa a injin huda ba su da wuri a nan. Suna cinye fuskar su bar kwari, ɓurɓushinsu mai tauri kuma yana shiga mai ya cinye metal; General Motors da kansa ya gargaɗi makanikansa a kan amfani da irin wannan faifai. Bayan gogewa a ɗora rular ƙarfe madaidaiciya a kan fuskar, a tsaye da kuma a karkace, a gwada tura siririn ƙarfen auna tazara a ƙarƙashinta. A injuna da yawa, karkacewar da aka yarda da ita a wannan fuska ta tof silinda ba ta wuce kimanin milimita 0.1 ba. Manifol na roba a duba shi a haske don tsagewa, musamman kewayen ramukan noti. Wanda ya tsage ko ya karkace sauya shi ake yi. A duba bakin kafofin ruwa ma, idan zaizaya ta yi rami mai zurfi, sabon gasket shi kaɗai ba zai tsayar da yoyo ba.

Sai maganar gam, wadda ake yawan yin kuskure a kanta a wannan gyara. Gasket na roba ko mai rufin roba a bushe ake sa shi. Shafa masa gam yana sa shi santsi ya zame daga gurbinsa lokacin ɗauri, rarar da ta matso ciki kuma tana ɓallewa ta toshe rariyar famfon baƙin mai ko ƙananan bututun lagireto. Wasu nau'o'in gam ma tururinsu yana lalata sensar salansa. Inda ake sa gam shi ne inda littafi ya ce kawai. A V6 ɗin da aka ambata, wurin shi ne gaba da bayan kwarin inji, inda manifol ke zama a kan bulok, da kusurwoyin da gasket ya haɗu da su, kuma da silikon mai jure mai wanda ba ya cutar da sensa. Ana ɗora manifol kafin gam ɗin ya bushe.

A cire tsummokin a sake ƙirga su, a leƙa kowace kafa da tocila. Zoben roba a danna shi cikin kwarminsa ko'ina ba tare da ya murɗe ba. Gasket mai faɗi kuma a duba alamar sama da gaba da ke jikinsa. A sauke manifol a miƙe, kada a ja shi a kan gasket. Kowane noti a fara ɗaura shi da yatsu har ya shiga sosai, domin tiredin alminiyam ba ya yafe noti da ya shiga a karkace. Ɗauri kuwa daga tsakiya ake farawa a yi waje, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, a zagaye biyu ko uku, ana ƙara ƙarfi a kowane zagaye har a kai adadin. A 1ZZ-FE adadin 30 Nm ne. A V6 na General Motors ya fi haka ƙanƙanta: zagayen farko 7 Nm ga duka, sannan notunan tsaye na tsakiya 13 Nm, na kusurwa masu karkata 25 Nm, da maganin hana noti sassautawa a tiredinsu. Waɗannan adadi ƙanana ne ƙwarai, hannun babban mutum da doguwar sufana yana wuce su ba tare da ya ji ya yi wani ƙarfi ba. Ɗaurin da ya wuce kima yana murƙushe gasket, ya fasa manifol na roba, ko ya tsinke tiredi.

Sauran kayan suna komawa bisa hotunan da aka ɗauka. Idan an cire nozul, a sa musu sabbin zobba a shafa ɗan baƙin mai don su shiga ba tare da yagewa ba. A injin da ruwa ke bi ta manifol, a juye baƙin mai a sauya filta kafin a tayar, ko da man ya yi kyau a ido, domin lokacin kwancewa ruwa da datti sun sauka ciki. Idan an yi amfani da gam, a ba shi lokacin bushewa da aka rubuta a jikin kwalinsa kafin a zuba ruwa. A cika lagireto da kulant irin wanda motar ke buƙata. Idan mai kauri ne a gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa, kuma ba a haɗa nau'i biyu daban-daban. Iskar da ta maƙale a hanyar ruwa tana kawo obahitin, don haka a buɗe notin fitar da iska idan injin yana da shi, a kunna hita, a bar inji ya ɗumama har tamostat ya buɗe, a ƙara ruwa bayan ya huce.

Kafin tayarwar farko, a mayar da fis da kan batir, a murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa sau biyu ko uku ba tare da an tayar ba, don famfo ya cika layi, sannan a duba ko fetur na ɗiga. Bayan an tayar, silo na iya ɗan rikicewa na wani lokaci saboda cire batir ya goge abin da ƙwaƙwalwa ta saba da shi, wasu motocin ma suna da tsarin sake koya mata silo da aka bayyana a littafi. A goge tsofaffin lambobi da na'ura, a sake duba ƙarin man: idan gyaran ya yi, zai dawo kusa da sifili, tsakanin kashi 5 sama ko ƙasa.

A makon farko a riƙa duba ruwa da launin mai kowace safiya kafin a tayar, a kuma saurari silo lokacin da inji ke da sanyi, tun da a lokacin ne tsohuwar matsalar ke bayyana. Injin da ruwa ya riga ya shiga mansa yana buƙatar a sake juye mai bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, don fitar da ragowar kulant. Idan P0171 ta dawo, sai a koma kan tiyo, bawul ɗin PCV da sensar iska. Idan kuma ruwa ya ci gaba da raguwa ba tare da sawu a waje ba, sai a kai motar a auna matsin silindodi a gwada ruwan lagireto don hayaƙi, domin a gano ko gasket ɗin tof silinda ne ko tsagewa a jikin ƙarfen.